Ruwan ɗumi ya isa: abin da na so a ce na sani lokacin jinyar Baba

Ranar da aka fara koya mini sauya jakar bayan gida a nan Ingila, inda nake aikin kula da tsofaffi, na shiga ɗakin da tire cike da kaya. Sabulun ruwa mai ƙamshi, jiƙaƙƙun takardun goge jikin jarirai, man shafawa, har da hoda. Nas ɗin da ta zo duba dattijon da za a sauya wa jakar, wadda ba ta da wani aiki sai na waɗanda aka fito musu da bakin hanji ta gefen ciki, ta dubi tiren ta dube ni, sannan ta fara kwashe kayan ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa kan tebur. Abin da ta bar mini kwano ne na ruwan ɗumi, busassun ƙyallaye masu laushi, almakashi, ledar shara da sabuwar jaka. Na ce mata, shi ke nan? Ta ce shi ke nan.

Jikina ya yi sanyi, don a take Baba ya faɗo mini a rai.

Shekaru kafin in taso, an yi wa Baba aikin hanji can gida, aka fito masa da bakin babban hanji ta gefen hagu na cikinsa. Wannan baki shi likitoci ke kira sitoma, ta nan bayan gida ke fita ya zuba cikin jakar da ake mannawa a fata. An sallame mu da jakunkuna kaɗan da bayanin da bai kai minti biyar ba. Ni ce babba a mata, jinya ta faɗo kaina. Kuma na yi ta da iya abin da na ɗauka shi ne tsabta: in ɓamɓare jakar da sauri wai don kada zafin ya daɗe, in cuɗa wurin da sabulu sai ya yi kumfa, in bi da auduga da sifirit don kashe ƙwayoyin cuta, in ga fatar ta yi ja sai tausayi ya kama ni in lafta mata basilin. Kafin yamma jaka ta saki. Sai in kawo filasta in naɗe gefe-gefe. Baba mutum ne mai dauriya, iyakacin abin da yake cewa in sifirit ya taɓa shi, "Ya isa haka, 'yar nan, Allah Ya yi miki albarka." Yana sa mini albarka, ni kuwa ina ƙona masa fata da hannuna. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Ra'ayina a yau, bayan na sauya wa mutane jaka sau ba adadi, shi ne cewa babban bambanci tsakanin nan da gida a wannan fanni ba na kayan aiki ba ne, ko da yake shi ma yana nan kuma zan zo kansa. Bambancin na fahimtar abin da ake nema daga fatar ne. Mu mun taso da cewa wuri bai tsabtata ba sai ya sha sabulu, ya yi ƙamshi, ya yi sheƙi da mai. Fatar da ke kewaye da sitoma kuwa aiki aka ba ta: ta riƙe faifan manne, wato ɓangaren jakar da ke kwanciya a fata, na kwanaki ba tare da wani abu ya ratsa tsakaninsu ba. Duk abin da zai bar maiƙo, ko ya busar da ita fiye da kima, ko ya kankare samanta, ya ɓata wannan aikin.

Tun daga cirewa ake fara gyara ko ɓarna. Ba fizge faifan ake yi ba. Ana ɗaga gefensa na sama kaɗan, a sa yatsa a danna fatar tana rabuwa da shi, ana bi a hankali daga sama zuwa ƙasa. Wato fatar ake turawa, ba faifan ake ja ba. Fizga tana tafiya da saman fata, in aka maimaita sau da yawa wurin ya kwaile ya fara tsatsafo ruwa, kuma manne ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. A nan akwai feshi na musamman mai sa faifan ya saki da kansa. In babu shi, ƙyalle da aka jiƙa da ruwan ɗumi ana dannawa a bakin rabuwar yana taimakawa. Kuma kafin a jefa tsohon faifan a shara, a juya bayansa a duba. Nas ɗin nan ce ta koya mini wannan, ta ce bayan faifai ba ya ƙarya: inda ya narke ko ya yi dabbare, nan ne ƙazanta ta samu hanya, kuma in kika dubi fata daidai wurin za ki ga ja.

Sai wanki. A fara share abin da ya taru da busasshen ƙyalle, sannan a goge kewayen da ruwan ɗumi, a hankali, kamar ana goge fuskar jariri. Ba ciwo ake wankewa ba, saboda haka ba a bukatar sifirit ko maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗiga wa ruwan wanka. Abin da ke fitowa daga hanji cike yake da ƙwayoyin cuta dama, ba wanda zai iya mayar da wurin kamar ɗakin tiyata, kuma ba a nemi hakan ba. Ruwan da za a iya sha ya isa a yi wanki da shi. Wanda ya ga ba zai iya haƙura da sabulu ba, to ya nemi wanda ba turare ba mai a cikinsa, ya kuma ɗauraye sosai. Takardun goge jarirai, waɗanda na zo da su ina taƙama, yawancinsu suna da mai ko sinadarin laushi da ke zama a fata ya hana manne kamawa.

Ita kanta sitoma ja ce, mai damshi, kamar cikin kumatu. Ba ta jin zafi in an taɓa ta, don ba ta da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, shi ya sa mutum zai iya ji mata rauni bai sani ba. Ɗan jini a ƙyalle in an goga ba abin tashin hankali ba ne, jijiyoyin jininta a sama-sama suke. Ranar da na fara ganin haka a jikin Baba kuka na yi, na ɗauka ɗinki ne ya farke. Abin da ke bukatar asibiti shi ne jinin da ya ƙi tsayawa, ko mai fitowa daga cikin ramin, ko a ga launinta ya koma baƙi-baƙi ko shuɗi, ko ya yi fari fat.

Busarwa ce mutane ke yi wa gaggawa, ita ce kuwa rabin aikin. A danna busasshen ƙyalle a ɗaga, ba a goga ba, a ɗan bar iska ta bi ta kai, sannan a taɓa da bayan yatsa a ji ko akwai sauran damshi. Matsalar ita ce sitoma ba ta jiran kowa, tana iya fara aiki kana tsakiyar busarwa, musamman wadda aka fito da ita daga ƙaramin hanji da wadda ake yi don fitar fitsari. Shi ya sa masu abin suka fi son sauyawa da sassafe kafin su ci ko su sha komai, lokacin da hanji ya lafa, kuma su riƙe naɗaɗɗen ƙyalle a bakinta har su gama. Dattijon da na fara koyo a jikinsa ta ƙaramin hanji gare shi. Abin da ke fita ta nan ruwa-ruwa ne kuma yana ɗauke da sinadaran narkar da abinci, waɗanda ba sa bambanta nama a cikin hanji da fatar mai shi. In suka kwanta ƙarƙashin faifai, cikin sa'o'i wurin ya saɓule.

Wannan ya kawo ni kan filastar da nake naɗa wa Baba. Jakar da ta fara yoyo ba a toshe ta, cire ta ake yi. Filasta tana tare abin ne daga waje don kada ya ɓata riga, a ciki kuwa yana nan kwance kan fata yana cin ta. Ƙaiƙayi ko raɗaɗi a ƙarƙashin faifai saƙo ne cewa an riga an samu yoyo, ko da ido bai gani ba.

Sai dai a nan ba zan ɗora wa kowa laifi ba, har da kaina ta wancan lokacin. A Ingila likita ne ke rubuta jakunkuna kamar yadda yake rubuta magani, a kawo wa mutum har ƙofar gida, kuma mai sitoma ta dindindin yana cikin waɗanda aka ɗauke wa biya. Mai sauƙi ne ka ce wa wanda kwalinsa ke cike ya cire ya sa sabuwa. Mu kuwa ƙirga su muke yi, in saura uku sai hankali ya tashi. Ga zafi da gumi da ke narkar da manne da wuri, suna kuma kawo jajayen ƙuraje masu ƙaiƙayi irin na fangas, waɗanda sai an samu hodar maganinsu daga likita. Amma fa lissafin a juye yake: basilin da sabulun da nake sawa su suka sa jakar da ya kamata ta kwana biyu ko uku take faɗuwa a yini ɗaya. Da na san ruwa kawai ake so, da kwalin Baba ya ninka kwanakinsa. Wanda kayansa suka yi ƙaranci shi ya fi kowa bukatar sanin wannan, shi ne kuma ba a gaya wa.

Akwai abu biyu da ban taɓa jin labarinsu ba sai da na zo nan. Na farko awo. Sitoma tana fitowa a kumbure bayan tiyata, tana raguwa cikin mako 6 zuwa 8, kuma tana iya sauya girma in mutum ya rame ko ya yi ƙiba. Ramin da ake yankawa a faifai ya kamata ya zarce ta da milimita 2 zuwa 3 kacal. In ya yi faɗi, zoben fatar da aka bari a buɗe shi zai sha ƙuna. In ya matse, ya yanke ta. Ni girman da aka nuna mini ranar sallama shi na ci gaba da yankawa wata da watanni, kuma jan zoben da ke kewaye da ta Baba, wanda nake ta shafa wa mai, daga nan ya samo asali. Na biyu gashi. Ga mai gashin ciki, kowace cirewa tuge shi take yi, gindin gashin ya yi ƙuraje. Ana rage shi da kilifa ko almakashi kamar sau ɗaya a mako, a kare sitoma da ƙyalle, a yi askin ana nisantarta.

In fata ta riga ta saɓule tana ruwa, akwai hoda ta musamman ta wannan aikin, ba hodar kwalliya ba. Ana barbaɗa ta kan jiƙaƙƙen wurin kawai, a kakkaɓe rarar, a ɗan danna ruwan kariya, wato ruwan musamman da ake shafawa don kare fata, a kai ya bushe ya zama kamar ɓawo, sannan a manna faifai. A kan lafiyayyar fata kuwa ba ta da amfani, hana manne kamawa ma take yi. Nan ne nake ganin mutanen nan su ma suna wuce gona da iri. Kamfanoni suna turo samfura kyauta, sai ka shiga ɗakin wani ka tarar da feshi kala uku, ruwan kariya kala biyu, da manne na cike gurbi, duk yana jibgawa a fatar da lafiyarta ƙalau, har ta fara ƙin wani daga cikinsu. Nas ɗin takan kwashe masa su kamar yadda ta kwashe nawa.

Su ma ba da wannan sani aka haife su ba. Jakar da ake mannawa a yar bayan amfani wata nas ce 'yar Danmak, Elise Sorensen, ta ƙirƙiro ta a 1954 saboda 'yar'uwarta da aka yi wa aikin ta daina fita don tsoron yoyo, daga nan kamfanin Coloplast ya samo tushe a 1957. Sana'ar nas mai kula da sitoma kuwa a Cleveland ta Amurka ta fara, a 1958, lokacin da likita Rupert Turnbull ya ɗauko Norma Gill, wadda ita kanta tana ɗauke da jaka a cikinta, ta riƙa koya wa marasa lafiyarsa. Shi ne kuma ya fara amfani da ƙaron karaya wajen kare fatar, ƙaron da ake samu daga wata bishiya ta Indiya, 'yar'uwar kukkuki. Faifan zamani mai tsotse damshi sai a 1972 ya shigo. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mai ciwon ce ta fara koyarwa, ba mai digiri ba. Abin da muka rasa a jinyar Baba ke nan: mutum ɗaya da ya taɓa yi, ya zauna da mu na rabin sa'a. Amma wa zai fito ya ce yana da jaka, alhali mu kanmu ɓoyewa muke yi ko dangi na kusa ba su sani ba?

Watan jiya ƙanwata ta kira ni, an yi wa wata maƙwabciyarta irin aikin, 'yarta ta rasa yadda za ta yi. Na ce ta ba ta wayar. Muka yi ta bidiyo, ina kallo tana cirewa, ina ce mata danna fatar, kada ki ja. Da ta miƙa hannu za ta ɗauko sabulu na ce ta ajiye. Ta ce, "Anti, ba zai yi wari ba?" Na ce warin yana cikin tsohuwar jakar, ƙulle ta a leda ki fitar. Ta wanke, ta busar, muka auna da takarda muka yanka, na sa ta ɗumama faifan tsakanin tafukanta kafin ta manna daga ƙasa zuwa sama, ta ɗora hannu a kai na minti ɗaya don ɗumin jiki ya sa ya kama. Uwar tana kwance ta juya fuska bango tun farko, sai can na ji ta ce, "An gama?" Bayan kwana uku yarinyar ta turo mini saƙo cewa jakar tana nan ba ta saki ba, tana tambaya ko ta cire ko ta ƙara mata kwana.