Ranar da Birtaniya ta hana masunta gargaɗin guguwa

A watan Disambar 1866 gwamnatin Birtaniya ta dakatar da gargaɗin guguwa da ake aika wa tashoshin jiragen ruwanta. A tsakiyar hunturu fa, lokacin da teku ya fi haukacewa. Hujjar da aka kafa ita ce wai ilimin bai nuna ba tukuna, gargaɗin ba a kan ƙa'idar kimiyya aka gina shi ba. Ni dai a ganina wannan na cikin hukunci mafi muni a tarihin hukumar yanayin ƙasar, wadda yau ake kira Met Office, kuma duk wanda ya bi yadda aka kafa ta zai ga dalilina.

Asali ma ba don hasashe aka kafa ta ba. A 1853 an yi wani taro a Brussels bisa ƙoƙarin Matthew Maury, wani hafsan sojan ruwan Amurka, inda ƙasashe suka amince jiragensu su riƙa rubuta yanayin iska da teku a tsari iri ɗaya. Shekara na zagayowa, a 1854, Birtaniya ta buɗe wani ɗan ƙaramin sashe a ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta ɗora Robert FitzRoy a kai, da ma'aikata uku kacal. Shi ne kyaftin ɗin jirgin Beagle da ya zagaya duniya da Charles Darwin daga 1831 zuwa 1836, ya kuma taɓa yin gwamnan New Zealand. Aikin da aka ba shi shi ne ya raba wa kyaftin-kyaftin na'urorin awo, su dawo masa da abin da suka rubuta, ya tattara ya zana taswirar iska don jiragen kasuwanci su rage kwanaki a hanya. Harkar riba ce zalla. A wannan shekarar da wani ɗan majalisa ya ce nan gaba za a iya sanin yanayin Landan awa 24 kafin ya zo, dariya majalisar ta kwashe da ita.

Abin da ya juya komai shi ne daren 25 zuwa 26 ga Oktoban 1859. Jirgin Royal Charter ya taso tun daga Melbourne zai je Liverpool, cike da mutanen da suka je neman zinare a Ostireliya, saura ƙiris ya isa gida guguwa ta maka shi da duwatsun gaɓar Anglesey a yankin Wales, mutane kusan 450 suka mutu a jirgin nan kaɗai, in aka haɗa da sauran jiragen da guguwar ta kifar kuwa ana maganar rayuka wajen 800. FitzRoy ya tattara awon da aka yi a wurare daban-daban, ya nuna cewa guguwar tafiya ta yi daga wani wuri zuwa wani cikin sa'o'i, wato da akwai mai aika saƙo, da wasu tashoshin sun samu labari kafin ta iso. Ga wayar tangaraho kuma ta riga ta game ƙasar, saƙo ya fi iska gudu.

Sai ya kafa tashoshin awo a bakin teku, kullum da safe su bugo masa waya Landan da nauyin iska, inda ta dosa da kuma zafi ko sanyi. Daga Fabrairun 1861 ya fara aika gargaɗi. Tsarin ma abin burgewa ne saboda sauƙinsa: ana ɗaga wata alama ta tamfol mai siffar mazurari a kan dogon sanda a tasha, in tsininta ya kalli sama guguwa daga arewa za ta zo, in ya kalli ƙasa daga kudu, akwai kuma mai siffar ganga, da dare a yi da fitilu. Masuncin da bai iya karatu ba ya gane. Ya kuma sa aka kai barometa, wato na'urar auna nauyin iska, ƙauyukan masunta aka kafe a inda kowa zai duba kafin ya tura kwale-kwale. Ranar 1 ga Agustan 1861 jaridar The Times ta fara buga hasashensa na yau da kullum.

To a nan rigima ta taso. Hasashen jarida yana kuskure, kuma kowa na gani, in an ce za a yi rana aka wayi gari da ruwa sai a yi ta yi masa ba'a. Masana na jin haushi don a lokacin masu duban taurari ne aka sani da buga littafin abin da sama za ta yi a shekara, suna tsoron kar a haɗa kimiyya da su a kwando ɗaya. Masu jiragen kamun kifi su ma ba su so, don in an ɗaga alamar yaransu sun ƙi fita, ranar ta tafi a banza. A Afrilun 1865 FitzRoy ya kashe kansa. Ba zan ɗora wa masu sukarsa alhakin wannan kai tsaye ba, mutumin ya daɗe yana fama da ciwon damuwa ga kuma bashi, amma sukar ba ta rage masa nauyi ba.

Bayan mutuwarsa aka kafa kwamiti wanda Francis Galton ke ciki, ɗan uwan Darwin ne. Rahotonsu na 1866 ya caccaki aikin, aka tsayar da hasashen jarida, kafin shekarar ta ƙare aka haɗa har da gargaɗin tashoshi.

Gaskiya Galton yana da hujja, ba zan ɓoye ba. FitzRoy da gogewar tuƙin jirgi da karatun barometa yake aiki, ba shi da lissafin da wani zai ɗauka ya maimaita ya samu amsa iri ɗaya. Wannan lissafin sai a 1904 Vilhelm Bjerknes na Norway ya shimfiɗa tushensa, aiki da shi sosai kuwa sai da kwamfuta ta zo wajen 1950. Kuma hukumar da ke magana da yawun gwamnati dole a auna maganarta a ga sau nawa ta dace. Wannan duk daidai ne.

Inda na rabu da su shi ne ma'aunin. An ɗauki kuskure a matsayin abu iri ɗaya, alhali iri biyu ne kuma farashinsu ba ɗaya ba. In aka ɗaga alama guguwa ba ta zo ba, masunci ya yi asarar kamun yini guda. In ba a ɗaga ba ta zo, matarsa ta shiga takaba. Wanda ke zaune a ofis a Landan yana ƙirga sau nawa aka dace sau nawa aka kuskure zai ga lambobi biyu ne kawai, wanda zai shiga ruwa da asuba kuwa ya san ɗayan kuɗi ne ɗayan rai. Kuma gargaɗin bai taɓa zama doka ba, ba a ɗaure kowa don ya fita, labari ne ake ba mutum ya haɗa da abin da idonsa ke gani a sama ya yanke wa kansa shawara. Da babu gara ba daɗi. Cire alamar bai sa ilimin ya nuna da wuri ba ko da kwana ɗaya, abin da ya yi kawai shi ne ya kare mutuncin masana, aka bar masu kwale-kwale su ji da kansu.

Wani abu kuma da nake ganin sun manta, hasashe da yi ake koyonsa. Kullum ka faɗa, gobe sama ta nuna maka inda ka kauce, ka gyara. Sauran ƙasashe haka suka bi. Faransa ta fara nata ne bayan guguwar 14 ga Nuwamban 1854 ta lalata jiragen yaƙinta da na Birtaniya a yaƙin Crimea, aka ba Urbain Le Verrier aikin binciken. Amurka kuwa a 1870 shugaba Grant ya sa hannu aka ba sojoji aikin, musamman saboda jiragen da ke nutsewa a manyan tafkunan arewacin ƙasar. Babu wanda a cikinsu ya jira sai kimiyya ta kammala.

Mutanen bakin teku ne suka warware gardamar. Koke ya yi ta zuwa daga tashoshi da 'yan kasuwa da masunta, aka kai maganar majalisa, bayan kusan shekara guda dole aka dawo da gargaɗin guguwa. Waɗanda aka ce ana ruɗa su da hasashe marar tushe su ne suka tashi suka ce a dawo musu da abinsu, ni wannan shaidar ta fi min duk wani rahoton kwamiti ƙarfi. Hasashen jarida shi kam sai 1879 ya dawo, shekara 13 ke nan ofishin na karɓar awo ta waya kullum da safe ba tare da ya gaya wa jama'a abin da yake tsammani gobe ba.