Shekara 100 da saukar jirgin sama a Kano: ina hanyar gabas ta shiga?

Tun da Nuwamban 2025 ya kama, aka cika shekara 100 da saukar jiragen sama na farko a Kano, magana ɗaya ake ta juyawa a Facebook da majalisun hira: a Kano jirgi ya fara sauka, tun Legas ba ta san ƙararsa ba. Mutanen Borno kuma su ce ai ta Maiduguri ya biyo, a shiga musu. Na gaji da wannan alfaharin, domin duk mai yin sa a nan yake tsayawa, sai ka ce wata lambar yabo ce Turawa suka rataya mana. Ba mai tambayar abin da ya kawo jirgin Kano tun farko.

Jirage uku ne na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, masu fukafukai biyu sama da ƙasa, na katako da aka lulluɓe da yadi, kowanne da mutum biyu a ciki. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarshen Oktoban 1925 ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, a filin da dawaki ke sukuwa, don babu filin jirgi a lokacin. Zamanin Sarkin Kano Usman ne, shekara 22 kacal bayan Turawa sun ci birnin. Kuma jiragen yaƙi ne, na jefa bom. Da danginsu, DH.9, aka yi wa ganuwar Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan ruwan wuta a Taleh ta ƙasar Somaliya a 1920. A Turai shekarun nan na zumuɗin tashi sama ne, matuƙa na rige-rigen kafa tarihi, jaridu na yi musu kirari, jama'a na cika filaye don kallo. Abin da ya iso mana daga wannan zumuɗin shi ne mai mulki yana nuna wa wanda yake mulka tsawon hannunsa. Mai shirya biki ya kamata ya san wannan kafin ya kira makaɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne hanyar da suka biyo. Daga Masar suka bi kogin Nilu zuwa Khartum, suka juyo yamma ta El Obeid, El Fasher, Abeche, Fort Lamy wadda yau ake kira Anjamena, Maiduguri, sannan Kano. Duk wanda kakansa ya je Makka a ƙasa ya san garuruwan nan. Hanyar alhazai ce, wadda Hausawa da Fulani da Barebari suka taka da ƙafa da jakuna da raƙuma, wasu su shekara biyar ko goma suna noma da ƙwadago a hanya, wasu su zauna ke nan. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa, shaida ne har yau. Coningham bai ƙirƙiro hanya ba. Ya bi ta sama inda mutanenmu suka riga suka bi ta ƙasa, ya tsaya Kano saboda nan ce babbar kasuwa, nan kuma layin dogo ya iso tun 1911.

A shekarar ce kuma ɗan Beljiyam Edmond Thieffry ya keta Sahara daga Brussels zuwa Kwango, ya bi ta Damagaram. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu daga Khartum zuwa Kano, sai daga baya a cikin shekarar aka miƙa hanyar zuwa Legas. Wato wasiƙar da ta taso daga Landan a jirgi sai ta ga Dala kafin ta ga teku. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi, a ƙasar da yau ake kira Gana, suka bi ta Kano da Maiduguri zuwa Masar. Bayan yaƙin, kamfanin jiragen Holan KLM ya shigo a 1947, ya yi ta zuwa har 2012 da ya tattara nasa ya tafi.

To yau fa? Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke da abokin ciniki a Anjamena ko Yamai, sau da yawa sai ya gangara Abuja ko Legas, wani lokaci har Lome, kafin ya dawo arewa inda ya nufa. Ko kuma ya hau mota ya sha shingaye. Damagaram ba ta kai kilomita 300 daga Kano ba, jiragen shekarun 1930 na sauka a can, amma mu da muke da jirage masu gudun ninki biyar na nasu mun mayar da maƙwabta nesa. Wannan abin kunya ne, kuma ba Bature ne ya yi mana shi ba.

Masu cewa babu kasuwa su je tashoshin mota su ga kayan da ke fita zuwa Nijar da Chadi kowace safiya, sannan su dawo mu yi magana. Masu nuna mana jiragen Saudiyya da Habasha da Masar da ke sauka a filin Malam Aminu Kano su sani cewa ɗaukar fasinja zuwa Jidda da Dubai bai mayar da gari mahaɗa ba. Tsaro kuwa matsala ce ta gaske, El Fasher ɗin da jiragen 1925 suka sauka yaƙi ya ɗaiɗaita ta, abin da ke sosa ran duk wanda ke da dangi a Sudan. Amma babu yaƙi tsakanin Kano da Maraɗi, ko tsakanin Kano da Garwa. Idan hanyar mota ta yi haɗari ma, ai sai buƙatar jirgi ta ƙaru.

Abin da ya faru shi ne an tsara harkar jiragen ƙasar nan da ido ɗaya, mai kallon Legas da Turai, manyanmu na Arewa kuma suka yi shiru saboda su Abuja ta ishe su. Attajiranmu sun kafa kamfanonin jirage, wasu sun yi suna, amma yawancinsu jigilar alhazai da zirga-zirgar Abuja suka sa gaba. Kwalejin koyon tuƙin jirgi tana Zariya tun 1964, tana yaye matuƙa da injiniyoyi da ke zaman jiran aiki.

Ba manyan jirage ake buƙata ba. Ƙananan jirage masu farfela, masu ɗaukar mutum hamsin zuwa saba'in, sun isa su haɗa Kano da Damagaram, Yamai, Anjamena da Garwa sau biyu ko uku a mako. Gwamnonin Kano da Borno da 'yan majalisarmu su zauna da ma'aikatar sufurin jiragen sama da takwarorinsu na Nijar da Chadi da Kamaru, a rage kuɗin sauka da harajin da ke ninka farashin tikiti, a fara da hanya ɗaya ko da ta Anjamena ce.