Na Goya Surukina, Shi Ya Ƙarasa da Ni

Duk wanda ya san kunyar suruki ya san goya shi a babur ba ƙaramar jarrabawa ba ce. Wata Asabar motar da za ta kai Baba ɗaurin aure Rigachikun da ke gefen Kaduna ta ƙi tashi, sai uwargida ta ce, "Ai ga Boxer ɗinka nan." Ita dai ta faɗi nata ta koma ɗaki.

Ana gobe abin, ƙanena ya yi mini sabis kyauta. Yaron nan ya taɓa zama a garejin wani a Panteka yana miƙa sifana, tun daga nan yake jin kansa injiniya. A iliminsa, duk abin da ke lilo a jikin babur sakaci ne. Ya ɗaure cen tamau, ya ja wayar kuloci har ta daina motsi, ya lafta giris, a tsakiyar ƙurar hunturu.

Daga Unguwar Kanawa lafiya lau, in ban da wani kuka da ke fitowa daga ƙasa, wanda na yi ta rufewa da tari. Muna fara hawa gadar Kawo sai labari ya sha bamban. Na murɗa totur, inji ya yi ruri kamar za mu tashi sama, amma tafiya babu. Wani yaro a kan keke ya wuce mu, har da waiwaye. Na sauko giya biyu, na sauko ɗaya, ƙauri ya fara tashi. Can sai ƙaras! Cen ya zube a kwalta.

Baba ya sauka bai ce uffan ba. Ya naɗe babbar rigarsa ya ɗora a kafaɗa.

"Yaro, akwai sifana?"

Mutumin nan fa a kamfanin Fijo na Kakuri ya yi ƙuruciyarsa, tun ba a daɗe da buɗe shi ba a 1975. Ya matsa hannun kuloci sau ɗaya ya girgiza kai.

"Ina wasansa? Hannun nan sai ya yi lilo kamar santimita 1 zuwa 2 a bakinsa kafin ya kama. In babu, fayafayan ciki ba sa mannewa, zamewa suke suna ƙonewa. Shi ne ka ji ihu ba tafiya. In kuma ya saki da yawa, giya ta ƙi shiga."

Na ce, "Haka ne, Baba." Idona na ƙasa.

Wani bawan Allah mai babur ya tsaya ya ba mu mahaɗin cen. Baba ya tsuguna yana aiki yana karatu: cen na son wasan santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarsa, don in mutum biyu suka hau ƙara ɗaurewa yake. Ɗan makullin mahaɗi kuma rufaffen kansa ke kallon inda cen ke gudu, wanda ya sa nawa a baibai ya sa shi. Ya sassauta notin tayar baya, ya daidaita alamomin hagu da dama, sannan ya shafa haƙoran da cen ke hawa ya nuna mini baƙin kunun giris da yashi a yatsarsa.

"Wannan ke cinye su. Dubi yadda suka yi tsini. In za ka canza, da cen da haƙora tare, sabo ba ya zama da tsoho. Wai wa ya yi maka aikin nan?"

Na ce wani bakanike ne, ya ma bar garin.

Da ya gama ya goge hannu da hankicina, ya ce, "Koma baya." Haka muka shiga Rigachikun, shi a gaba, ni a baya riƙe da hularsa. Mun tarar an shafa fatiha ana rabon goro. Wani abokinsa ya hango mu ya kwashe da dariya.

"Alhaji, acaɓa ka koma?"

Baba ya kafe babur ya ce, "Ina fa riba? Fasinjan bai biya ba, kuma ni na yi gyara."