Wai bakin maya ba shi da mai shi

To, sai mu yi wa masu gatari barka. Bagaruwar bakin maya, wato fadamar da Kogin Nilu ke cikawa da damina, ta koma buhunan gawayi, an loda a mota an nufi garin Sennar, nan Sudan. Jarumai ke nan. Bishiyar da ta girme su sun kayar da ita a dare ɗaya, mu kuma da gari ya waye muka tsaya muna "Allah ya kyauta".

Ni ba gatarin ne ya fi ƙona min rai ba. Maganar da wani dattijo ya yi min ce, wai "dajin hukuma ne, ina ruwanka?" Baba, da girmanka. Hukuma ce ke jefa taru a wurin? Idan Kogin Nilu ya cika da damina, ruwa ya shiga ƙarƙashin bagaruwa ya kwanta wata da watanni, nan karfasa da tarwaɗa ke hayayyafa. Saiwar ita ke riƙe gaɓa. Ka sare ta, zaizayar da Larabawa ke kira haddam ta cinye gonar da ke kusa, baɗi ta ci ta gaba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wurin namu ne, mu muke ci a cikinsa.

Na san za a ce yaƙi, tun 2023 gas ya yi wuya. Na sani, gidana ma da gawayi ake girki. Amma matar da ta tsinci busasshen reshe daban take da mai cika babbar mota, kada a raina mana hankali.

Wallahi aikin bai fi ƙarfinmu ba. Bagaruwa ba ta buƙatar ban ruwa, ana watsa irinta ne a laka lokacin da ruwa ke janyewa, sai a tsare ta daga awaki. Abin da suke kira nafir, mu gayya muke ce masa. Kakanninmu da suka kafa garin Mai Wurno bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903 ba su jira takardar kowa ba kafin su yi gayya. Namu ne, mu fito.

Af, su masu cewa ina ruwana, ranar da mura ta kama su wurin wa suke zuwa neman 'ya'yan bagaruwa su turara? Jiya ma wani ya aiko yaro, na ba shi, ko kwanon bai dawo min da shi ba.