Wai mu 'yan Ibanjelika me muka gaskata ne ma?

Rubutun nan zai yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya yi haƙuri ya wuce kawai.

Ranar Asabar da ta wuce dattawa suka roƙe ni in riƙe ajin baftisma saboda mai koyarwar ya yi tafiya. Matasa ne su goma sha huɗu, kusan dukkansu a cikin coci aka haife su, iyayensu 'yan kwaya ne da 'yan Zumuntar Mata, biyu ma jikokin masu bishara ne. Kafin mu buɗe littafi na ce bari in ɗan taɓa su in ji, na ce to, yaya mutum yake samun ceto? Ni a zatona tambayar da ɗan makarantar Lahadi zai amsa yana cin gyaɗa ce. Na farko ya ce sai mutum ya bar shan giya da neman mata. Ta biyu ta ce sai yana zuwa sujada ba fashi kuma yana ba da zakka. Wani daga can baya ya ce sai an yi masa baftisma, ai shi ya sa ma ya zo. Yarinya ɗaya tak, wadda ba ta cika magana ba, ita ce ta ce Yesu ne ya mutu dominmu, shi ma ƙasa-ƙasa ta faɗa kamar mai tsoron za a yi mata dariya. Gaskiya jikina ya yi sanyi.

A satin nan kuma wani abokin aikina Musulmi, mutumin kirki da muke shan shayi tare shekara da shekaru, ya ce min wai Malam, ku ne Ibanjelika ɗin nan na Trump? Ban ga laifinsa ba, don duk sanda aka ambaci kalmar a labarai to zaɓen Amurka ake magana, ana cewa kusan kashi 80 cikin 100 na fararen fatarsu sun zaɓe shi a 2016. To na waje ya ɗauka jam'iyya ce, yaranmu na ciki sun ɗauka jerin dokoki ne na kar ka yi kaza kar ka sa kaza. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani.

Ita kalmar daga Helenanci ta fito, ma'anarta labari mai daɗi, wato bishara, kuma daga wannan tushen ne kalmar Injila ta fito, don haka ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Ta girmi siyasar Amurka nesa ba kusa ba. Mutanen Martin Luther, malamin da ya ja da cocin Katolika, sun kira kansu da ita a Jamus tun bayan 1517, aka zo zamanin farkawa na su John Wesley da George Whitefield a Ingila wajen 1730 da wani abu, daga baya a Amurka aka samu masu cewa a rage yarda da mu'ujizai don addini ya tafi da zamani, sai masu riƙon tsohuwar koyarwa suka taso suka ce a'a, tsakanin 1910 da 1915 suka buga maƙaloli 90 na kare tushen bangaskiya suka raba wa fastoci kyauta. Daga irin wannan gida mutanen da suka kawo mana bishara suka fito. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a ƙarshen 1893, a 1894 biyu daga cikinsu suka mutu, Kent a Bida, Gowans a Girku, Bingham ya koma gida da zazzaɓi, sai a 1902 aka iya kafa tasha a Patigi. Wannan ita ce ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) wadda ta haifi cocinmu ECWA a 1954, ita ce kuma ta shiga Damagaram da yankin Maraɗi ta gina asibitin Galmi a Nijar. A ɗaya gefen Karl Kumm ya iso Wase a 1904 da wata ƙungiyar mishan, SUM (Sudan United Mission), inda su cocin COCIN da sauran ikilisiyoyin tarayyar TEKAN da dama suka samo asali.

To me suka ɗauko da har mutum zai yarda sauro ya kashe shi a kai?

Farko dai Littafi. Mun gaskata Littafi Mai Tsarki hurarre ne daga Allah, littattafai 66, 39 a Tsohon Alkawari 27 a Sabo, kuma shi ne alƙali na ƙarshe a kan abin da za a gaskata da yadda za a yi rayuwa, yana sama da fasto, sama da majalisar coci, sama da mafarkin da wani ya yi jiya da dare. Masu tsananin riƙo suna ƙarawa da cewa babu kuskure a cikinsa yadda aka rubuta shi tun asali, har malamai suka taru a Shikago a 1978 suka sa hannu a kan hakan. Amma ga abin da mutane ba sa lura da shi, mu ba mu ce an sauko da shi a harshe ɗaya da ba a taɓawa ba, mun ce Ruhu Mai Tsarki ya bi da mutane irin su Musa da Ishaya da Luka da Bulus suka rubuta kowa da salonsa. Shi ya sa fassara ba ta rage masa tsarki a wurinmu, shi ya sa su Dokta Walter Miller suka ɓata shekaru har cikakken Littafi ya fito da Hausa a 1932, shi ya sa kuma duk ƙauyen da mai bishara ya sauka abu na farko ajin koyon karatu ne. Kakata da ba ta taɓa shiga aji ɗaya na boko ba da littafin Markus ta koyi haɗa baƙi.

Sai Allah. Allah ɗaya ne, ba uku ba, in sake faɗa, ɗaya ne, amma ya bayyana kansa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wannan ba namu ne mu kaɗai ba, Katolika da Otodoks ma haka suka riƙe, tun taron shugabannin ikilisiya a Nikiya na shekarar 325 aka rubuta batun allahntakar Yesu. Kuma in mun ce Ɗan Allah ba muna nufin Allah ya yi aure ya haihu ba, Allah ya kiyaye, mu ma saɓo ne a wurinmu, Maryamu kuma ba ta cikin ukun. Na faɗa wa abokina haka ya ce to har yanzu dai bai yarda ba, na ce ai ban ce ka yarda ba, so nake in za ka ƙi ka ƙi abin da muka faɗa ba abin da aka ce mun faɗa ba. Muka yi dariya aka ƙaro shayi. Ni da shi mun haɗu a kan haihuwar budurwa da dawowar Almasihu da ranar shari'a, inda hanya ta rabu shi ne wanene shi, da kuma gicciye, kuma rufe wannan bambancin da kalamai masu daɗi ba girmama juna ba ne.

Nan ne zuciyar maganar, nan ne kuma yarana suka faɗi. Koyarwar ita ce zunubi ba ƙazantar hannu ba ce da za a wanke da sabulu, ciwo ne da ke cikin jini tun daga Adamu, kowa ya kasa, Romawa sura 3 ba ta ware fasto ko dattijo ba. Hakkin zunubi mutuwa ne, Allah kuma mai adalci ne ba ya share shari'a da alfarma. To sai shi da kansa ya biya. Yesu marar zunubi ya tsaya a madadin mai zunubi, hukuncin da ya kamace ni ya sauka a kansa, ya mutu da gaske aka binne shi, a rana ta uku ya tashi da jiki, ba a mafarkin almajirai ba. Bulus ya ce in bai tashi ba to bangaskiyarmu banza ce, wato a rufe coci kowa ya tafi gona. Abin da ya rage wa mutum shi ne ya tuba ya ba da gaskiya, shi ke nan, Afisawa 2:8-9 ta ce alheri ne, kyauta ce, ba ladan aiki ba, don kada wani ya yi fahariya. Kamar bashi ne da ya fi ƙarfin gidanku gaba ɗaya wani ya je ya biya ya kawo maka rasit, kai kuma ka kama kai wa mai bashin naira hamsin hamsin duk Lahadi wai kana ragewa. Aikin kirki yana nan, dole ne ma, amma 'ya'yan itace ne ba saiwa ba. Baftisma shaida ce ta abin da ya riga ya faru a ciki, ruwan rafi ba ya wanke zuciya, in ka shiga da zunubinka ba tuba to jiƙaƙƙen mai zunubi za ka fito. Kuma ba a gadon ceto, wannan ne ake kira sake haihuwa, ɗan Rabaran ma sai ya tsaya da ƙafarsa ya karɓa.

To yaya aka yi yaran da suka shekara goma sha biyar a benci ba su san wannan ba? Laifinmu ne manya. Mun cika musu kunne da ɗankwali da wando da ɗan kunne da wa aka sa horo wa aka mayar bencin baya, har suka ɗauka wannan ne addinin. Ban ce tarbiyya ba ta da amfani ba, ni ma ban sha giya kuma ba na son ɗana ya sha, amma yawancin waɗannan ƙa'idojin gida ne, wasu ma al'adar turawan mishan ce ta zamaninsu. Haka batutuwan da masu bi na gaske suka sha bamban a kai, ECWA tana nutsar da babba a ruwa, Angilika da Lutaran suna yi wa jarirai, wasu suna naɗa mata fasto mu ba ma yi, batun fyauce masu bi zuwa sama da mulkin Yesu na shekara dubu da muke ta zana taswira a allo ma sai a ƙarni na 19 John Darby ya tsara shi yadda muka san shi. Dawowar Yesu tushe ne, jadawalin dawowar ba tushe ba ne.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na kuɗi. Kwanaki aka gayyato wani baƙon mai wa'azi wani taro da na je, ba zan faɗi wuri ba, mutumin nan ya yi awa ɗaya da rabi bai ambaci gicciye sau ɗaya ba, sai shuka iri, wato ba da kuɗi don a sami albarka, wai masu dubu hamsin su fito gaba, sai masu dubu ashirin, har aka sauko kan masu dubu ɗaya, ga kwalaben mai a tebur, na ga wata gwauruwa da na san da ƙyar take biyan kuɗin makarantar yara tana kwance bakin zani. Jama'a wannan fa shi ne ainihin abin da Luther ya yi faɗa a kai, lokacin ana sayar da takardun gafara don a gina babbar majami'a a Roma. Shekara 500 mun zagaya mun dawo kasuwar da muka baro, kuma da sunan Ibanjelika. Wanda ya ce alherin Allah yana da farashi ya bar koyarwar nan ko da sunanta na rubuce a allon cocinsa.

Namu ma sun yi gargaɗi tun da wuri. Byang Kato, mutumin Kwoi, wanda ya riƙe sakataren ECWA ya kuma yi jawabi a babban taron bishara na Lozan na 1974 da mai wa'azin Amurka Billy Graham ya kira, ya yi ta jan kunne a kan gauraya bishara da abin da ba ita ba, da kuma koyarwar cewa kowa zai tsira ko ta wace hanya. Ruwa ya ci shi a gaɓar tekun Kenya a 1975 yana da shekara 39. Shi tsoronsa a gauraya ta da tsafin gargajiya, bai ga zamanin da za a gauraya ta da POS ba.

Akwai kuma wadda take da nauyi, ba zan ɓoye ta ba don a yi min tafi. Mun gaskata babu ceto ta wurin wani sai Yesu, Yahaya 14:6 da Ayyukan Manzanni 4:12, akwai sama akwai kuma hukunci na har abada. Wannan ne ya sa ake fita wa'azin Sabon Rai Don Kowa ƙauye ƙauye, shi ya sa EMS, sashen mishan na ECWA, take aika masu bishara da ɗan albashin da bai kai ya kawo ba. Amma wanda ya gaskata wannan da gaske ba zai faɗe shi yana washe baki a Facebook yana zagin maƙwabci ba, don in kyauta ka samu me za ka yi wa wani gori da shi? Kuma ba a tilasta wa mutum sake haihuwa, ba da takobi ba, ba da buhun shinkafa ba, ba da dokar gwamnati ba.

Da aka tashi daga ajin, yarinyar nan mai shiru ta tsaya sai da kowa ya fita, ta ce Baba, to kakana fa, Bamaguje ne har ya mutu bai taɓa jin bishara ba, kuma duk garin an san shi da gaskiya. Na daɗe ban ce komai ba, don nawa kakan ma haka ya tafi. Na ce mata 'yata, ba a ba ni littafin sunaye ba, ba zan ce miki yana nan ko yana can ba, abin da aka ba ni shi ne tambayar da Ibrahim ya yi a Farawa 18, ko mai shari'ar dukan duniya ba zai yi daidai ba. Ta gyaɗa kai amma na ga ba ta gamsu ba, ban kuma matsa mata ba.

Na roƙi dattawa su bar min ajin har wata ya ƙare, sun yarda. Asabar mai zuwa ƙarfe huɗu za mu fara daga Romawa sura 3, na ce kowa ya zo da Littafinsa na takarda da biro, ban da na waya.