Ranar Da Rikoda Ta Tona Min Asiri A Falon Kawu

Masu kirana suna tambayar dalilin da ya sa ba a gan ni a sunan gidan Kawu ba ranar Asabar, ku daina ƙona katinku. Ga labarin, kuma daga yau kada wanda ya sake tayar min da shi.

Kun dai san jirgin nan nawa na soso mai rimot, wanda na ɗaure wa 'yar kyamara a hanci. Hoton analog take turowa ta 5.8GHz, irin na talabijin ɗin da, risiba ta kama a ƙasa, in riƙa kallo a ƙaramin allo ina tuƙi. Ina son analog ne don ba ya jinkiri, kuma idan sigina ta yi rauni hoton dishi-dishi yake yi kana dai ganin hanya. Gaskiyar magana kuma, kuɗinsa ne daidai aljihuna. Matsalarsa ɗaya, da jirgi ya sauka abin da ka gani ya wuce sai labari. Shi ya sa na sayi 'yar rikoda, ba ta fi kwalin ashana biyu ba, madannai uku gare ta da ramin memori.

To, Kawu da maƙwabcin gonarsa sun shekara uku suna ja-in-ja kan iyaka. Layin gamba ne ya raba su, kowa na cewa ɗayan ne ke matsar da shi. Ni da bakina ba ya zama lafiya na ce, "Kawu, ai wannan mai sauƙi ne, in kun yarda sai in ɗauko muku gonar daga sama kowa ya gani." Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, da gaske?" Na ce ko gobe.

A nan Injiniya ya shigo. Kun san shi, mai gyaran talabijin na bakin kasuwa, wanda bai taɓa cewa bai san abu ba tun da aka haife shi. Rikodar ta ba ni wuya da fari. Na sa mata memori mai 64GB ta ƙi, ashe ba ta wuce 32, shi ma sai an goge shi a tsarin FAT32. Na haɗa waya, allo ya yi baƙi ƙirin, ashe irin wannan fulogi mai kama da na iyafis kowane kamfani da inda yake ajiye layin hoto da na ƙasa. Da hoton ya fito kuma sai ya zo fari da baƙi yana birgima, don kyamarar tana kan tsarin bidiyo na NTSC mai hoto kusan 30 a daƙiƙa, rikodar kuma tana jiran tsarin PAL mai 25, wanda muka saba da shi a nan. Duk wannan Injiniya ne ya warware, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma sai da na zauna awa uku a bencinsa ina shaƙar hayaƙin dalma yana ba ni tarihin duk talabijin ɗin da ya taɓa tayarwa daga mutuwa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya kira shi: "Zo ka ga jirgin da nake haɗa wa yaron nan." Jirgin da ko farfelarsa bai taɓa riƙewa ba! Shi ne kuma ya nace sai an jona farar wayar sauti, wai hoto ba murya kamar tuwo ba miya ne. Na ce masa a sama ba abin da makirfon zai ji sai iska da kukan mota. Ya ce ni yaro ne. Kuma ya shiga saitin rikodar ya taɓa wani abu bai faɗa min ba. Ku riƙe wannan.

Ranar Juma'a da hantsi muka isa gona ni da Auta. Gero ya yi kai, sama tas. Na ɗaura eriya kafin in ba na'urar tura hoto wuta, don in ka kunna ta ba eriya ƙonewa take, na riga na yi wannan asarar sau ɗaya. Na jona batir, ya cika 12.6, na ajiye jirgin a kan kunya ina daidaita fukafukai. Kawu da mutanensa suna can gindin ɗorawa, nesa da mu. Mun yi kusan minti goma a nan ni da Auta muna ta hira.

Da na shirya, na danna madannin ɗauka da ƙarfi, na harba jirgi. Wallahi ban taɓa tuƙi mai kyau irin na ranar ba. Na bi layin gamban daga rafi har bakin burtali, na dawo na sake bi ƙasa-ƙasa. Yara suna ihu, wani dattijo ya cire hula yana salati. Na sauke shi lafiya lau, na sake danna madanni, don na san in ka zare batir ba ka tsayar da ɗauka ba fayil ɗin yana iya lalacewa. Auta ya ce mu duba tukuna. Na ce masa ƙwararre ba ya duba aikinsa.

Bayan isha'i falon Kawu ya cika. Ya sayi mai an ta da janareta. Ya gayyato maƙwabcin gonar, ya gayyato mai unguwa, Goggo da matan gida suna leƙe ta labule. Injiniya ma ya zo ba wanda ya kira shi, ya zauna a gaba. Na soka waya rawaya da fara a bayan talabijin, na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu ido zai raba gardama."

Hoto ya fito raɗau. Ƙasa ce, da karan gero, da ƙafafuna biyu cikin silifas ɗin nan da na ɗaure da waya. Na ce, "Farko ne, yanzu zai tashi." Bai tashi ba. Sai ga murya, tawa, tas kamar a gidan rediyo:

"Kai Auta, wai kai ba ka san Kawu ne ke cin iyakar nan ba? Duk damina sai ya matsar da gamban taki guda. Ni na gan shi da idona bara."

Falo ya yi tsit, sai ƙarar janareta. Na yi tsalle na kai wa rikodar cafka. Madannai uku ne, duk girman ƙwayar gero, ga hannuna yana rawa. Na danna na farko, abin ya koma farko. Ƙafafuna suka sake fitowa. "Kai Auta, wai kai ba ka san Kawu ne..." Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana duba carbinsa kamar yau ya fara ganinsa. Na danna na biyu, ya yi gaba kaɗan ya dire daidai inda nake cewa, "Kuma ka ga ko kuɗin mashin bai ba mu ba, mutumin da in ya riƙe naira sai ta yi gumi." Aka ji dariyar Auta a talabijin. Na waiga neman Autan gaske, takalmansa kawai na gani a bakin ƙofa. Daga bayan labule wani abu ya fito daga bakin Goggo, tari ne ko dariya, har yau ban tantance ba.

Zare waya ɗaya kawai ya kamata in yi, farar nan. Ko in kashe talabijin. Ko in ce wa yaro ya kashe janareta. Duk waɗannan dabarun sun zo min ne da misalin ƙarfe biyu na dare ina kwance. A lokacin tsayawa na yi ina danne-danne ina cewa "sigina ce, sigina ce," kamar sigina ce ta san zancen taki guda.

Kawu bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Cewa ya yi, "Bar shi ɗan nan, mu ga gonar." Sai fayil na biyu ya shigo: jirgi a ƙasa, hancin wata akuya ya cika allo tana sansanar kyamara, ni kuma ina haki ina cewa, "Alhamdu lillahi, na ɗauki komai." Daƙiƙa ashirin, ya ƙare. Tashin minti tara ɗin nan ko ɗigo babu.

Sai Injiniya ya gyara zama ya yi wa jama'a bayani, da fara'arsa. Wai ya saita ta ne ta fara ɗauka da kanta da zarar ta samu wuta, don ya san yaran yanzu da mantuwa. Ke nan dannawar da na yi lokacin tashi tsayar da ita na yi, ta sauka kuma kunnawa. 'Yar jar fitilar da ke nuna tana ɗauka kuwa, wa zai gan ta a tsakar rana? Ya ƙara da cewa, "Amma kun ji yadda sautin ya fita? Ni na jona shi." Har yana waiwayen mutane ko za a yaba masa. Mutumin nan fa har yanzu yana bina naira 1,500, kuma jiya ya aiko yaronsa.

Maƙwabcin gonar shi ne ya fara tashi. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce Allah ya yi min albarka. Shekaranjiya ya aiko min da rake har gida, na rasa yadda zan yi da shi, karɓa laifi, mayarwa laifi. Auta ya shanye rabi.

Na je gaida Kawu da safe, na durƙusa na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, sharrin baki ne." Ya ce ba komai, ya tambaye ni lafiyar jirgi. Sannan ya laluba aljihu ya miƙo min naira 500, ya ce kuɗin mashin ne, in duba ko ta yi gumi.

Jirgin yana kan wadirob. Memorin kuma ban san inda yake ba, ina zargin yana wurin Goggo.