Kafin mu ce wa yaro "ya yi kyau"

'Yan'uwana matasa da Allah ya ɗora wa nauyin koyar da ƙananan yara a makarantun firamare, da ku yayye da kuke zama da ƙannenku a gida suna zane a bayan littafi, wannan nasiha gare ku take, kuma ni ma ban cire kaina a ciki ba. Akwai wata ɗabi'a da muka gada daga malamanmu ba tare da mun tsaya mun auna ta ba: idan aka tashi darasin zane, sai mu tattara littattafai, mu ɗauki jan biro mu rubuta 7 bisa 10, mu mayar wa kowa nasa, a wuce zuwa lissafi. Yaron da ya shafe rabin sa'a yana goge fensir yana sakewa ba a ba shi ko minti ɗaya ya buɗe baki ya faɗi abin da yake nufi ba, abokansa kuma ba su koyi komai daga aikinsa ba sai dai su leƙa makinsa.

Abin da ya farkar da ni ya faru ne a wani aji uku da na taɓa riƙewa. Wata yarinya mai yawan shiru ta zana saniya da ƙafa biyar, yaron da ke kusa da ita ya gani ya ɗaga littafin sama, aji ya kaure da dariya. Ni kaina har na ɗaga biro zan kewaye ƙafar, sai na ga idanunta sun ciko, na ajiye biron na ce, "'Yata, ba mu labarin saniyar nan." Da ƙyar muryarta ta fito, ta ce ƙafar ta maraƙi ce, yana bayan uwarsa yana shan nono, shi ya sa ba a ganin sauran jikinsa. Yarinyar da aka yi wa dariya ita kaɗai ce a ajin ta fahimci cewa abu yana iya ɓoye wani abu a cikin hoto, kuma saura ƙiris na hukunta ta a kan basirarta.

Tun daga ranar na daina tambayar yaro "mene ne wannan?", domin tambayar tana sanar da shi cewa ya kasa tun kafin ya amsa. Ku kuma tuna cewa yaranmu sun tashi da kunya, an horar da su cewa yabon kai jahilci ne, saboda haka idan kuka ce yaro ya faɗi abin da ya burge shi a zanensa, sunkuyar da kai zai yi. Ku tambaye shi a kan aikin, ku bar shi shi kansa: daga ina ya fara, wane wuri ne ya fi ba shi wahala, me ya sa ya zaɓi shuɗi ya bar kore, me zai sauya in aka ba shi sabuwar takarda. Sannan ku jira amsa. Shirun da yaro ke yi bayan tambaya ba taurin kai ba ne, yana tattaro kalmomi ne, kuma mu malamai mun cika gaggawar amsa masa da bakinmu.

Wajen sanya yara su duba aikin junansu kuwa, babban abin da za a koya musu shi ne su faɗi abin da suka gani kafin su yanke hukunci. Wasu masana biyu a Amurka, Abigail Housen da Philip Yenawine, sun gina hanyar koyarwa a kan tambayoyi uku kacal: me ke faruwa a wannan hoto, me ka gani da ya sa ka faɗi haka, me kuma za mu iya ƙara ganowa. Ta biyun ce ta fi nauyi a wurina, domin ita ke tilasta wa yaro ya nuna da yatsa, maimakon ya jefo "bai yi kyau ba" ya koma ya zauna. Amma kada ku fara gwajin a kan zanen ɗan aji. Ku fara da aikin wanda ba ya wurin balle ransa ya ɓaci: faifai mai launi, ƙwarya mai zane, hula mai ɗinkin hannu, allon da aka yi wa zayyana don saukar karatu, ko takardar naira 20 wadda a bayanta akwai hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ta rasu a 1984, tana kan aikinta. A nan ne yara za su samu kalmomin da suke buƙata, irin su lanƙwasa da tazara da inuwa da dagi da maimaituwar zane, domin yaron da ba shi da kalma sai "kyau" da "muni" ba zai iya taimakon kowa ba. Wannan kuma yana sauƙaƙa wa malamin da iyayen ɗalibansa ba sa son zanen abu mai rai.

Idan aka zo kan gyara, ku kafa doka tun farko cewa shawara ɗaya kowa zai bayar, a kan takarda ba a kan mai ita ba, kuma ta zama abin da za a iya aikatawa yau. "Ba ka iya ba" zagi ne. "Da ka ƙara girman bishiyar nan da ta cika wurin da ya rage" taimako ne. Ku sanar da su cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma mai zane yana da ikon ya ce ya ji ya gode amma zai bar abinsa yadda yake. Ku kula da harshenku fiye da nasu, domin duk malamin da ya yi wa zanen yaro ba'a sau ɗaya ya ba aji duka lasisi. A aji mai cunkoso ba zai yiwu kowa ya fito gaban allo ba, sai a raba su huɗu-huɗu ko biyar-biyar, kada a naɗa monita alƙali, kada kuma a bar gwanin aji da masu ƙarfin murya su cinye lokacin.

Kada wani ya ɗauka wannan wasan yara ne. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko, suka kafa ƙungiya suna tattauna alƙiblar aikinsu a tsakaninsu, kuma daga wannan zama na ɗalibai ne zanen zamani a Najeriya ya ɗauki sabon salo.

Abu na ƙarshe da nake roƙonku shi ne ku ba yaro damar sake aikin bayan ya ji shawara, kuma kada ku bari ya yage na farkon. Ku sa ya rubuta kwanan wata a kan kowanne, ya manna su gefe da gefe, sannan a mako mai zuwa ku tambayi abokin da ya ba shi shawarar ya nuna wa aji wurin da ya sauya.